Takobin Bama: Neman Maƙerin da Ya Sa Hannu

Asabar, 6 ga Janairu, 2024

Yau Gwaggo ta ba ni makullin adakar marigayi Kaka, bayan wata uku ina naci. Sharaɗinta ɗaya: "Kada ya kwana a waje, kuma kada ka bari Baffanka ya sake taɓa shi." Na ce to, Gwaggo.

A gidanmu takobin Bama muke ce masa, domin daga can Kaka ya zo da shi a 1946, lokacin da aka dawo da sojojin runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda suka gwabza da Japanawa a yankin Arakan, suka shiga garin Myohaung tare da runduna ta 81 a Janairun 1945. Amma takobin ba ƙirar Bama ba ne, na hafsan sojan Japan ne. Kubensa na ƙarfe, fentin ya koɗe, zoben rataya guda ɗaya, ƙotar an naɗe ta da zaren siliki a kan farar fatar kifi mai ƙurji-ƙurji, ga furanni a jikin tagullar. Wannan shi ne samfurin da sojan ƙasa na Japan ya fito da shi a 1938.

Kube da ƙota riga ce kawai. Hafsoshin Japan da kuɗinsu suke sayen takobi. Da yawa na masana'anta suka saya, wasu kuwa ruwan takobin gado suka ɗauko daga gida aka yi masa rigar soja. Abin da nake so in gano: wanne ne namu, kuma wa ya ƙera shi.

Lahadi, 7 ga Janairu

Na cire ƙota. Ba ƙusa, ba walda, wani ɗan tsinken gora ne kaɗai ke riƙe da komai, mekugi suke ce masa. Gefe ɗaya ya fi siranta, ta nan ake tura shi ya fita. Sai ka riƙe ƙotar da hagu, tsini sama, ka dunƙule dama ka doki wuyan hannun hagun. Sau shida na doka kafin ƙarfen ya motsa. Shekara kusan tamanin ba a buɗe ba, dole ya yi gardama.

Wutsiyar da ke shiga cikin ƙota, wato nakago, ta fito da tsatsa ruwan ƙasa. Huda biyu. Kuma ga rubutu, haruffa biyar a jere daga sama zuwa ƙasa, an sassaƙa su da ƙaramin cizal. Ɗaya gefen fayau yake, ba kwanan wata. Na duba sama da rubutun ko akwai hatimin masana'anta, irin na garin Seki ko na zamanin Showa, wato mulkin Sarki Hirohito, da ake bugawa a takubban yaƙi waɗanda ba a ƙera ta hanyar gargajiya ba. Babu. Wannan ya faranta mini.

Hannuna ya yi ta ƙaiƙayi in goge tsatsar don rubutun ya fito sosai. Allah ya taimake ni na riga na karanta cewa wannan ne babban laifin da za a yi wa takobin Japan. Tsatsar wutsiya ita ce takardar haihuwarsa. Wanda ya kankare ta ya yaga takardar.

Asabar, 13 ga Janairu

Mako guda a kan haruffa biyar. Ba na jin Japananci, sai dai in ƙirga zane-zanen kowane harafi in laluba cikin jadawalin haruffan da maƙera ke yawan amfani da su. Na uku ne ya fara buɗe mini ƙofa: akwati mai kusurwa huɗu da tarkace a ciki, kuni, wato ƙasa ko lardi. Tunda sa hannun maƙera yakan tafi ne a tsarin lardi sannan suna, biyun da ke samansa sunan lardi ne, biyun ƙasa sunan mutum. Tsofaffin lardunan Japan sittin da 'yan kai ne, don haka na bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ga abin da ya fito: 肥前國忠吉. Hizen no Kuni Tadayoshi. Tadayoshi na ƙasar Hizen.

Na shigar da sunan a intanet, sai da na miƙe tsaye. Tadayoshi na farko, asalin sunansa Hashimoto Shinzaemon, an haife shi a 1572, ya rasu a 1632. A 1596 ya tafi Kyoto ya yi almajirci wurin babban maƙeri Umetada Myoju, ya dawo ya zauna a garin Saga yana ƙera wa sarakunan gidan Nabeshima. Hizen ɗin ita ce yankin Saga da Nagasaki na yau, a tsibirin Kyushu. Yana cikin 'yan ƙalilan da Yamada Asaemon, mai gwada kaifin takubba a zamanin Edo (ƙarni na 17 zuwa na 19), ya sa a sahun farko wajen yanka. Kuma wannan sa hannun mai haruffa biyar har laƙabi gare shi a wurin masu tara takubba.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Har na fara lissafin filin da zan saya.

Lahadi, 21 ga Janairu

Filin ya koma hannun mai shi. Abu biyu na koya a makon nan.

Na farko, Tadayoshi ba mutum ɗaya ba ne, gida ne. Tsara tara suka yi, tun daga ƙarshen ƙarni na 16 har zuwa zamanin Meiji, lokacin da dokar 1876 ta hana yawo da takobi, sana'ar ta durƙushe. Kamar a ce maka "Sarkin Maƙera ne ya yi", sai ka tambaya, wanne daga ciki?

Na biyu ya fi zafi. Sunan Tadayoshi na cikin sunayen da aka fi yi wa jabu a tarihin takobin Japan. Sa hannun ƙarya gimei ake ce masa, kuma ba sabon abu ba ne, tun zamanin samurai, mayaƙan Japan na dā, ake yinsa. Dalilin bai da wuyar ganewa. Malaman hadisi sun daɗe da sanin cewa mai ƙirƙira ba ya liƙa wa ƙaryarsa isnadi mai rauni, mafi kyawun isnadi yake nema. Haka mai takobi mara suna da ke son kuɗi, ba zai sassaƙa sunan maƙerin ƙauye ba.

Masana na cewa a fara karanta ruwan takobin, a bar sa hannu sai ƙarshe. Ƙarfen ne zai gaskata sunan ko ya ƙaryata shi. Ni kuwa na fara ta wutsiya, a zahiri da kuma a karin magana.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Na zauna na tace tsararrakin, in ga su wa za su iya sa waɗannan haruffa biyar.

Na farko ya yi amfani da su a farkon aikinsa. Daga baya ya tsawaita sa hannun, a 1624 kuma aka ba shi sarautar Musashi Daijo ya sauya suna zuwa Tadahiro. Ɗansa, na biyu, wanda ya rayu daga 1614 zuwa 1693, da sunan Tadahiro ya yi aiki duk tsawon ransa, ya sami sarautar Omi Daijo a 1641. Shi kam ya fita daga lissafi, duk da cewa ya fi kowa yawan takubba a gidan, tunda ya kusa shekara sittin a bakin wuta. Na uku, Mutsu no Kami Tadayoshi, ya rasu a 1686, ya riga mahaifinsa, shi ya sa aikinsa bai da yawa, amma akwai masu haruffa biyar a ciki. Na huɗu zuwa na shida an fi saninsu da sarautar Omi a gaban suna. Sai na takwas, 1801 zuwa 1859, wanda bai karɓi sarauta ba, ya koma wa haruffa biyar irin na kakan kakanninsa.

Waɗannan sarautu, a lura, na girmamawa ne daga fadar Kyoto. Mai Musashi Daijo bai taɓa mulkin lardin Musashi ba, kamar dai yadda za a naɗa mutum Sarkin Sudan yana zaune a garinsu.

Ke nan manyan waɗanda ake zargi uku ne: na farko, na uku, na takwas. Na huɗunsu kuma shi ne wani ɓoyayyen mutum da cizal a hannu.

Lahadi, 4 ga Fabrairu

Gwajin farko, kuma mun ci.

Ƙa'ida ita ce sa hannu yana gefen da ke kallon waje idan an ɗaura takobi a kwankwason hagu. Tsohon samfuri, tachi, ana rataya shi kaifi ƙasa. Katana kuwa ana soke ta a ɗamara kaifi sama. Don haka gefen sa hannunsu ya saɓa. Hanya mai sauƙi: riƙe takobin tsini sama, rubutu na kallonka. In kaifi na hagunka, sa hannun katana ne. In yana dama, na tachi ne.

Gidan Tadayoshi suna da wata al'ada tasu. Dogon takobi, ko da katana ne, a gefen tachi suke sa masa hannu, gajere kuwa a gefen katana. Iyaka tsakanin dogo da gajere shaku biyu ce, santimita 60.6. Na auna namu da tef ɗin tela daga inda wutsiya ta haɗu da ruwan takobin ta gadon baya zuwa tsini: santimita 70.3. Dogo ne. Na ɗaga shi, rubutu na kallona, kaifi na dama.

Da a ɗaya gefen yake, da yau na rufe littafin nan. Sai dai kada in yi rawar ƙafa: duk mai jabun da ya san sana'arsa ya san wannan al'adar.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Yau ranar baƙin ciki ce, kuma na gane dalilin gargaɗin Gwaggo.

Na goge tsohon maiko daga ruwan takobin da auduga, na kai shi bakin taga da hantsi don in ga abu biyu da ake gane aikin Hizen da su. Ɗaya shi ne fatar ƙarfen, hada, wato zanen da ninkawa da bugu ke bari. Ta Hizen lukui take, ƙanana ƙwarai kuma bai ɗaya, har ana kiranta konuka, ma'ana dusar shinkafa. Ɗayan shi ne hamon, farin layin da ke bin kaifi, wanda ke fitowa idan an shafa yumɓu a jikin ƙarfe aka gasa aka tsoma a ruwa. Gidan Tadayoshi sun yi suna a miƙaƙƙen layi, suguha, mai faɗi ɗaya daga gindi har sama, idan ya kai tsini ya bi lanƙwasar kaifin daidai wa daida sannan ya yi ɗan zagaye ya juyo.

Ban ga ko ɗaya ba. Ƙarfen fari tas kamar cokalin biki, duk ƙarce a tsaye. Na kira Baffa a waya.

"Baffa, ina wuni. Takobin Kaka, an taɓa goge shi ne?"

"Ni na goge shi da hannuna. Tsatsa ta kama shi wata damina, na sa samfefa da toka, ya fito fes. Ka ga ai har yanzu yana ƙyalli."

Na ce Allah ya saka da alheri, Baffa. Me zan ce? Da kyakkyawar niyya ya yi. A Japan mai wasa takobi yakan yi shekara goma yana koyo, yana bi da duwatsu iri-iri daga mai kaushi zuwa wanda ya fi farce siranta, don kawai fatar ƙarfe ta bayyana. Baffa ya shafe aikin a yammaci ɗaya.

Asabar, 2 ga Maris

Samfefa ba ta kai ko'ina ba. Akwai wani ƙwanƙolin tagulla, habaki, da ke rungume da gindin ruwan takobin. Ya ƙi fita tun Janairu. Yau na naɗe shi da tsumma, na ɗora guntun katako, na riƙa ƙwanƙwasawa a hankali har ya zame.

A ƙarƙashinsa, wajen santimita uku, tsohon washin Japan na nan yadda yake. Na kashe fitilar ɗaki na haska tocila ta gefe. Fatar lukui ce, ba manyan zane irin na katako, ba kuma shafaffen ƙarfe mara rai irin na masana'anta ba. Daga nan kuma farin layi ya taso a miƙe. Da na san inda zan bi, sai na riƙa hango inuwarsa can sama a ƙarƙashin ƙarcen Baffa, in na karkata takobin ga haske. Miƙaƙƙe ne har inda idona ya iya bi.

Ƙirar hannu ce, ta gargajiya, kuma ba ta saɓa wa Hizen ba. Santimita uku ba su isa a yi rantsuwa a kansu ba, amma sun isa in ci gaba.

Asabar, 9 ga Maris

Na yi oshigata, wato kwafin wutsiya a takarda. Japanawa da wani busasshen baƙin tawada suke yi, ni da siririyar takardar zane da fensir mai laushi. Na lalata tara, na goma ya fito. Ya fi hoton waya nesa ba kusa ba, domin girman harafi ɗaya ne da na ƙarfen, ana iya ɗora shi a kan wani a gwada.

Takardar ta kuma fito da sawun magagari, yasurime, layukan da maƙeri ke yi wa wutsiya kafin ya sa hannu. Kowane gida da nasa, wani lokaci kowace tsara. Namu a kwance suke, kai tsaye daga gefe zuwa gefe. Na uku an san shi da layukan da ke ɗan haurawa ta dama. Na cire shi.

Azumi ya zo. Na shafa wa ruwan man keken ɗinki kaɗan, ban taɓa wutsiya ba, na mayar adaka.

Asabar, 20 ga Afrilu

Bayan Salla na kai kwafin wurin wani dattijon maƙeri a cikin birnin Zariya, abokin ƙanen Kaka ne na ƙuruciya. Ba don ya karanta ba, don ya gaya mini abin da hannu ya yi. Ya sa tabarau, ya bi layukan da farce.

"Ɗana, wannan ba zane ba ne, sara ne. Kowane layi bugu ne a jere, ɗaya na korar ɗaya. Ka ga nan ya tafi da gudu. Nan kuwa ya tsaya yana kallon wani abu."

Inda ya nuna shi ne ƙasan harafi na huɗu, ɓangaren da ke nufin zuciya. Na ce, "Baba, me zai sa mutum ya tsaya?" Ya ce ko dai hannu ya gaji, ko sunan ba nasa ba ne. "Kai in za ka rubuta sunanka, kana duba allo?"

Ya yi dariya ya ƙara da cewa su ma sun san wannan. Tsofaffin takubbanmu da na Buzaye masu tambarin jinjirin wata biyu, asalin tambarin na maƙeran Turai ne, amma da mutane suka ɗauke shi alamar ƙarfe mai kyau, sai maƙeran nan suka riƙa buga shi a nasu. Ban taɓa haɗa wannan da abin da nake bincike ba sai yau.

Asabar, 11 ga Mayu

Shekarun ƙarfen. Wutsiyar da ta yi shekara ɗari huɗu takan yi baƙi ƙirin, tsatsar ta kwanta ta yi santsi, sawun magagari ya dushe, bakin haruffa ya lallashe. Tamu ruwan ƙasa ce mai duhu, sawun magagari ana ƙirga shi da ido, gefen wasu haruffan ma har yanzu da ɗan tudun da cizal ya tayar. Huda ta biyu bakinta ya fi tsabta, alamar an yi ta ne lokacin da aka sa masa ƙotar soja.

Siffar ma na da abin faɗa. Lanƙwasarsa santimita 1.6, ruwan da kauri, da nauyi a hannu, bai nuna an sha wasa shi ba. Takubban Hizen an san su da siririyar fata a kan ƙarfen ciki mai taushi, shi ya sa tsofaffinsu da suka sha washi sukan nuna tabo inda na cikin ya leƙo. A ɗan wurin da ke ƙarƙashin habaki babu wannan, gindin kaifin kuma bai zaizaye ba.

Duk wannan ƙarni na 19 yake nunawa, ba farkon na 17 ba. Na cire Tadayoshi na farko, kuma na cire shi ba tare da jin zafin da na zata ba. Saura biyu: na takwas, ko mai kwaikwayo.

Lahadi, 26 ga Mayu

Mako biyu ina ɗora kwafina a kan hotunan sa hannun na takwas waɗanda aka riga aka tantance. Na sami guda bakwai, na daidaita girmansu a kwamfuta. Masana Hizen har alkiblar kowane sara suke dubawa, ko daga dama cizal ya taso ko daga hagu, domin gidan na da tsarinsa, kuma nan ne masu jabu suka fi faɗuwa. Na sayi gilashin masu gyaran agogo saboda wannan.

Haruffa ukun farko sun zauna daram, girma da tazara da wurin da suka faɗa kusa da gadon baya. Na biyar ma ba laifi. Na huɗun ne dai. A duka bakwai ɗin, zuciyar a sake take, ta tafi da numfashi ɗaya. A namu ta takure, kuma ɗigo ɗaya kamar sau biyu aka sare shi. Daidai inda farcen dattijo ya tsaya, shi da bai san ko harafi ɗaya na Japananci ba.

Na aika kwafin da hotuna ga wani mai tara takubba a Ingila da muka saba a wannan nema. Amsarsa gajera: zamanin ya yarda da shi, ƙarfen ya yi kama da Hizen, sa hannun bai kwanta masa ba, kuma ba mai yanke hukunci da hoto. Ya tuna mini cewa a manyan maƙeru almajirai kan sa hannu a madadin maigida da izininsa, kuma wannan ba a lissafa shi jabu.

Nawa ra'ayin, tunda littafina ne: takobin Hizen ne ko na wanda ya koyi aikin Hizen, na ƙarni na 19, kuma na fi karkata ga cewa ba hannun na takwas ne ya sassaƙa sunan ba. Abin da ke hana ni rufe ƙofa shi ne ba a yi ƙoƙarin tsufar da wutsiyar ba. Mai son ya sayar da shi a matsayin na farko da ya baƙanta ta.

Asabar, 1 ga Yuni

Hukunci na ƙarshe sai shinsa, zaman tantancewa. Wadda aka fi yarda da takardarta ita ce ƙungiyar adana takubban Japan, NBTHK, da ke Tokyo, wadda aka kafa a 1948 don ceto takubba bayan sojojin Amurka da ƙawayenta da suka mamaye Japan a ƙarshen yaƙi sun ƙwace su da yawa. Sai takobin ya je hannunsu, kuma kafin ya shiga Japan sai an yi masa rajista. Kafin nan ma sai an wasa shi, tunda alƙalai ba za su ga komai ta cikin samfefar Baffa ba, ladan mai washi kuwa da tsawon ruwa ake lissafa shi. In suka ce gimei ne, ba takarda, sai in an shafe sunan daga wutsiya an sake kawowa a matsayin mara suna.

Na zayyana wa Gwaggo duk wannan bayan la'asar. Ta saurara har ƙarshe tana gyaran zogale.

"Wato a kai shi ƙasar da aka ƙwato shi, a biya su, su goge rubutun?"

"In ƙarya ne, Gwaggo."

"Da rubutun Baba ya kawo shi. A bar shi da rubutunsa."

Na rubuta kati na saka a adakar: tsawo, lanƙwasa, karatun haruffan, tsara ta takwas ko mai kwaikwayonta, ƙarni na 19, da gargaɗi da manyan baƙaƙe cewa kada a goge wutsiya, kada a sa samfefa. Na haɗa da kwafin oshigata guda. Damina ta kankama, don haka zan riƙa duba man duk wata. Tsinken gorar ya tsage wajen mayarwa, na feƙe sabo daga sandar cin abinci ta gora. Makulli ya koma hannun Gwaggo.